TULUN DONA ZULMIRA

Shafi na 17

Masu ce mini na bar tsohuwa zaune a kan bencin asibiti kwana uku, to ku kwantar da hankalinku, an kira sunanta.

*

Sai da aka kira sunan sau uku kafin Dona Zulmira ta tashi. Ba wai ba ta ji ba ne, tashin take shiryawa. Wata takwas ke nan miƙewa daga zaune ta zama mata aiki mai tsari: ta haɗe gwiwoyi, ta dafa benci, ta ɗauke numfashi, ta miƙe a hankali, sannan ta waiga ta dubi inda ta zauna.

Ivonete, autarta, ta riga ta duba mata. A bushe yake. Ta gyaɗa wa uwar kai, suka shiga.

Yau ba Ludmila ba ce a ɗakin. Ludmila ɗaliba ce daga wata jami'ar kuɗi a Salvador, ita ta riƙe ajin matan da fitsari ke kubce wa tsawon wata uku. Ta zo musu da ƙwallaye ruwan hoda da kyandir mai ƙamshi. Takan kwantar da mata goma sha biyu a kan tabarmin roba, masu kifi da masu wankau da masu shara, ta ce su rufe ido su "saurari tushensu". Ba ta taɓa duba kowa ba. Hotuna dai ta ɗauka, ba laifi, sun yi kyau.

Ainihin mai aikin ce ta dawo daga hutun haihuwa, Likita Jurema, ƙatuwar mace mai silifas ɗin roba, 'yar garin nan. Kakarta ma a bayan Dona Zulmira take jeruwa ranar wankin coci.

Ta tambayi ko an samu sauƙi. Dona Zulmira ta ce an gode Allah. Ivonete ta ce ƙarya ne, abin ƙaruwa ya yi. Da sai ta yi tari ko ta ɗaga kaskon manja, yanzu ko dariya ba ta yi, kuma wata guda ke nan tana tafiya a buɗe kamar mai ɗauke da wani abu tsakanin cinyoyi.

Uwar ta harare ta, irin hararar da take yi wa mai taya ƙosai.

Jurema ta ja labule, ta ce a hau gado.

Nan aka yi ta. Dona Zulmira ta ce rabon da wani mahaluki ya ga jikinta tun unguwarzomar da ta karɓi Ivonete, ita ma ta mutu da sirrinta. Ta ce a rubuta mata magani kawai, wakenta na jiƙe, mutane na jiranta a dandali. Jurema ba ta yi mata wa'azi ba. Safar hannu ta sa.

"Dona Zulmira, wata huɗu da haihuwata. Ni ma in atishawa ta taho mini sai na haɗe ƙafa ina addu'a. Hau mu gani."

Ta hau.

Ivonete ce ta taya ta cire kaya. Farin siket na sama mai leshi. Na ƙasa guda uku, sun sha sitaci har suna ƙara. Sai tsohon tawul da aka yanka huɗu. A ƙarƙashinsa kuma wani abu da Ivonete ba ta taɓa gani ba: ledar buhun shinkafa, an yanke ta an ɗinke da hannu kamar wandon jariri, har da roba a ƙugu. Ɗinkin tsaf, irin na uwarta.

Fatar da ke ƙarƙashin ledar ta saluɓe. Ja ce, tana ruwa.

Ivonete ta ninke ledar ta tura a jakarta, ta kafa wa bango ido.

Jurema ta duba, ta ce ta yi abin da aka koya mata. Dona Zulmira ta cije leɓe, jijiyar wuyanta ta tashi, cikinta ya kumburo.

"Sake."

Ta sake.

"Sau nawa kike yin wannan a rana?"

"Ɗari uku."

Da alfahari ta faɗa. Ta ce yarinyar nan Ludmila ta ce sau talatin, ita kuwa ta ga lokaci na ƙurewa shi ne ta ninka. Tana yi tana buga ƙullu, tana yi a bas, tana yi a gaban kasko. Ko rana ɗaya ba ta tsallake ba.

Jurema ta zare safar, ta zauna a bakin gadon.

"Wa ya ce ki tura ƙasa?"

"Cewa ta yi mu sa ƙarfi a wurin."

"Sama ake ja, Dona Zulmira. Ba yunƙuri ake yi ba."

Tsohuwar ta kalli silin.

"Haihuwa bakwai na yi," ta ce. "Ƙarfi ɗaya aka taɓa koya mini a wurin nan."

Babu wanda ya yi dariya, duk da Ivonete ta san in da a bakin dandali aka ba da labarin, matan za su yi har su faɗi.

Jurema ta yi bayani da kalmomin da ake sayen kifi da su. Ta ce akwai tsoka a ƙasan mara, shimfiɗe kamar ragar lilo, ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa. Haihuwa da ɗaukar kaya sun saki ragar. Aikin da ake so shi ne a tsuke a ja ta sama, kamar tusa ta taho wa mutum a cikin bas cike da jama'a. A riƙe, a ƙirga biyar, a saki gaba ɗaya. Goma da safe, goma da rana, goma da yamma, ana numfashi, ciki a sake. Ita kuwa wata uku tana hawa kan ragar tana dannawa, sau ɗari uku kullum.

Ta sake sa safa, ta ce a gwada. Na farko, ba komai. Na biyu, ƙasa aka sake turawa. A na shida Jurema ta ɗaga gira.

"Yawwa. Wannan. Kaɗan ne, amma da ranta."

Sai dai mahaifar ta riga ta zazzago, tana bakin ƙofa. Za ta rubuta takarda a ga babban likita a sa zoben roba da zai tokare ta, kuma jerin masu jira ba gajere ba ne. Kafin nan, kada ta ɗaga abin da ya fi kwanon abinci nauyi.

Ta miƙa ɗan kofi ta ce a kawo fitsari. Abin da Dona Zulmira ta dawo da shi bai kai cokali uku ba, launinsa kamar an dafa gahawa an manta a wuta. Jurema ta ja fatar bayan hannunta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Da aka matsa mata ta amsa: daga asuba har ta tashi daga dandali da la'asar ba ta kai ruwa bakinta. A zafin Janairu, tsakiyar bazarar ƙasar nan, a gaban tafasasshen manja. Ta ce dabara ce, abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Jurema ta ce dabarar tana da kyau, ƙodarta ce kawai za ta biya.

Dona Zulmira ta gama mayar da siket ɗinta ɗaya bayan ɗaya, ta gyara ɗankwali, sannan ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Tulu fa?"

Alhamis ta sama ce ranar. Kwana tara. Matan gari za su yi fari fat, kowacce da tulun ruwan turare da fararen furanni a ka, su tako tun daga bakin kogi har tsohon cocin da ke kan tudu su wanke matakalarsa. Shekara ashirin da takwas Dona Zulmira ce a gaba, da babban tulu.

Jurema ba ta kawar da kai ba.

"Kilo goma, tafiyar awa uku, ga tudu. In kin ɗauka, abin da ke bakin ƙofa zai fito waje. A kan titi, a gaban makaɗa."

Dona Zulmira ta yi godiya, ta tambayi lafiyar jariri, ta fita.

*

Ba ta nufi dandali ba. Gida ta yi, Ivonete na biye da ita da jaka. Suka wuce tsakar gida, inda tulun ke kife a kan benci, an wanke shi tun jiya yana shan iska.

Ivonete ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa mata. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye.

Sai Ivonete ta fara. Ta ce mata arba'in ne ke mafarkin tulun nan, a ba ɗaya. Ta ce waliyyin cocin ba ya ƙirga wa ya ɗauka. Da ta ga uwar na tsince wake kamar da bango ake magana, sai ta faɗi wadda ta daɗe tana cinta a rai: duk son a gani ne. Son a ce ga Dona Zulmira a gaba, masu kyamara na binta. Ta gwammace hanjinta ya zubo a kwalta da a ga wata a wurinta.

Hannun uwar ya tsaya a cikin waken.

"Kin gama?"

"Mainha, ni dai..." Haka take kiran uwarta tun tana ƙarama.

"Shekararki biyar. Sanƙarau. Kwana goma sha ɗaya wuyanki a sandare, likita ya ce in kira ubanki ya zo ya gan ki. Ban kira shi ba. Tudun nan na hau da gwiwa."

Ivonete ta san ta yi ciwo tana ƙarama. An ce mata zazzaɓi ne.

Uwar ta ci gaba, muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin farashin manja. Ta ce a matakalar nan ta yi bakance: in aka bar mata yarinyar, tulu ba zai sauka daga kanta ba kowace shekara har ranar da za a rufe ta. Ta sauko, ta tarar da ita tana neman ruwa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ba da mutum ta yi alkawarin ba.

"Ba kyamara nake ɗauka ba, Nete. Ke nake ɗauka."

Ivonete ta zauna a kan bokitin da ke kife. Ta ce magani ne ya yi aiki, uwar ta ce wataƙila. Ta ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne, uwar ta ce ita ma haka take fata, amma ba da ran 'yarta za ta gwada ba. Ta tambayi ko babu wata hanya.

Akwai. Tsofaffi sun bar hanya ɗaya. In mai bakance ta gaza, 'yar cikinta takan sa hannu ta sauke tulun daga kanta, cike da ruwa. Daga ranar bakancen ya koma wuyan wadda ta sauke, har ƙarshen ranta. Ba maƙwabciya, ba suruka, ba jika. 'Ya.

Dona Zulmira maza shida ta haifa, mace ɗaya.

"Shi ya sa ban gaya miki ba," ta ce, ta koma kan wakenta.

Ba sai ta ƙara bayani ba. Shekara takwas ke nan da Ivonete ta bi mijinta sabon coci, wanda ke tsohon shagon taya a bakin titi. A can, farin siket da tulu da duwatsun wuya duk aikin shaiɗan ne. Ranar da ta shiga ruwan baftisma, da hannunta ta mayar wa uwar da fararen kayanta a leda. Uwar ta karɓa ta ce Allah ya ba da sa'a, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofa.

Ɗan'uwa Valdomiro ne, ya zo ɗaukar matarsa. Kwat da wando da laƙtaye, rana tsaka, gumi ya zana masa taswira a baya. Yana riƙe da jakar ofis ɗinsa, wadda Ivonete ta san abin da ke ciki: Littafi Mai Tsarki, matajin kai da ayaba ɗaya. Tun da aka naɗa shi dikon, mai taimaka wa Fasto a coci, ya koma magana da harshen mutanen São Paulo, shi da aka haifa layi biyu daga nan. Ba ya cin ƙosan surukarsa, ba ya zama a kujerarta. A bakin zauren baya yake tsayawa, ƙafa ɗaya a waje, kada wani abu ya manne masa.

Ya gaishe da Dona Zulmira da salamar Ubangiji. Ta ce masa ya yi hankali da kashin kaji.

Fuskar matarsa ya kalla ya gane an yi wani abu. Ivonete ta ja shi gefe, bakin igiyar shanya, ta gaya masa duka. Wannan kuskurenta ne, ta kuma san kuskure ne tun maganar na bakinta.

Ya saurara da ido a lumshe, yadda Fasto ke yi. Da ta gama ya ce ai abin a fili yake: jikin tsohuwa ne ke fitar da ƙazantar shekara ashirin da takwas. Ba tsoka ba ce, ɗauri ne. A kawo ta taron 'yantarwa ranar Juma'a, a fasa tulun a gaban jama'a, zai yi wa Fasto magana a ba su kujerar gaba.

Ivonete ta ce mahaifa ce ta sauko, likita ta gani da idonta.

Ya ce likita ido biyu gare ta.

Ta ce awa uku ce kawai. Sau ɗaya a shekara. Za ta sa farin, ta hau tudu, ta zuba ruwa, ta dawo gida ta yi wanka, ba sai ta yarda da komai a zuciyarta ba.

Nan harshen São Paulo ya gudu, muryar layinsu ta dawo.

"Matar dikon. A gaban gari. Da tulu."

"Uwata ce, Miro."

"Kin manta inda cocin nan ya tsamo ni?"

Ba ta manta ba, abin da ya ɗaure ta ke nan. Ta tuna shi kwance a kwata a bayan mashaya, ta tuna haƙorinta na gefe da babu shi yanzu. Shekara takwas bai kai kwalba baki ba, bai ɗaga mata hannu ba. Kwat ɗin nan abin dariya ne, amma shi ke riƙe da mutumin da ke cikinsa. In aka tuɓe masa shi ranar Lahadi a gaban jama'a saboda matarsa, ba ta san wa zai dawo mata gida ba. Ga Tainá, 'yarsu, shekara bakwai, ba ta taɓa ganin wancan uban ba.

Sai ya sassauto. Ya ce ta ɗauko jakarta su tafi, lokacin tashin Tainá daga makaranta ya kusa. Tsohuwa ta zaɓi hanyarta tun kafin a haife su.

A lokacin Ivonete ta lura famfo ya daina zuba. Ba ta ma san yaushe aka buɗe shi ba.

Ta juya.

Dona Zulmira na tsaye a tsakiyar tsakar gida, tulun a kanta, cike har baki. Yadda ta kai shi can ita kaɗai, Allah ne ya sani. Bayanta a miƙe, haɓarta a sama, hannuwanta a sake a gefe kamar kowace shekara. Ta yi taku ɗaya. Ta yi na biyu.

"Kun gani," ta ce. "Ku tafi gida. Ba na bukatar kowa."

A na uku fuskarta ta canza. Ba ta yi ƙara ba. Numfashinta ne ya tsaya, ƙafafunta suka buɗe kaɗan, ta ƙame a wurin.

Ruwa ya fara fitowa daga ƙarƙashin farin leshin, yana bin tsagar siminti. Ledar na cikin jakar Ivonete. Ruwan ya iso kusa da takalmin Valdomiro, ya ja da baya. Ba daga tulu ba ne. Kuma da ja a cikinsa.

Tsohuwar ta fara tangaɗi. In ta durƙusa da kilo goma a ka, Ivonete ta san abin da zai ƙarasa fitowa.

Ivonete ta taka.

"Nete, kada ki taɓa," uwar ta ce ta cikin haƙora. "In kin taɓa ya zama naki."

"'Yar'uwa Ivonete," Valdomiro ya kira daga baya, da muryar mumbari.

Ta sa hannu biyu ta ɗauke tulun. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ruwan ya fantsamo mata a fuska da ƙirji, ta rungume shi a jikinta. Dona Zulmira ta sulale ƙasa a hankali, ta jingina da benci, siket ɗin na rinewa daga tsakiya.

Ivonete ta ce wa mijin ya kira motar asibiti, wayarta na ɗaki.

Bai ciro waya ba. Ya gyara laƙtayensa, ya mayar da jakar ɗaya hannun, ya lalubo makullin babur.

"Zan je in ɗauko Tainá," ya ce. "Kada ki neme ta a gida."